Hannun Uwani a Bango

Sunansa Labaran, mutumin Ringim ne. Shekara goma sha ɗaya ya yi a wata masaƙa a Sharaɗa, ɓangaren kaɗi, inda ni ma nake. Ɗakinsa na jikin nawa a gidan haya a Ɗorayi. Rashin maganarsa har haushi yake ba ni. Sai ka gaishe shi sau uku ka samu "lafiya" ɗaya.

Duk wanda ya yi aikin kaɗi ya san yadda ake tashi: auduga a ka, a gira, a gemu, kamar ka tsufa a yini guda. Mu kakkaɓewa muke mu wuce. Shi kuwa sai ya kawo tasa har gida, ya zauna bakin ƙofa, matarsa Uwani ta tsince masa ɗaya bayan ɗaya. Mun yi masa tsiya har mun gaji.

Uwani ta rasu wajen haihuwa a 1981, ita da jaririn. Ba ta taɓa ɗaukar hoto ba. Labaran bai yi kuka ba. Washegarin sadakar uku ya hau kekensa ya tafi aiki.

Bayan arba'in na shiga ɗakinsa aron ashana, na ga zane a bango, da gawayin murhunta. Hannun mace ne da awarwaro biyu, yatsu biyu a haɗe za su tsinci wani abu. Har ƙaramin yatsanta da ya karkace. Ya zana shi daidai tsayin gemun mutum in yana zaune.

Na ce, "Ina fuskar?"

"Ta ƙi zuwa, Malam Nuru. Hannun kaɗai na riƙe."

Shekara uku bai bari an shafa wa ɗakin farar ƙasa ba. A 1984 aka rage ma'aikata, har da shi. Dole ya koma Ringim, bango kuwa ba ya shiga mota. Ya yi ta gwada zanen a takardar buhun siminti yana yayyagawa. Hannun kowa ne ke fitowa, ban da nata.

Ranar tafiya an gama loda kaya, direba na ta danna hon. Na leƙa in kira shi, na tarar da shi zaune, ya manna kuncinsa a bangon. Da ya miƙe, zanen ya dame, gemunsa ya yi baƙi. Tausayi ya kama ni, sai na miƙa masa hankici.

"Ungo, goge."

Ya ce, "Bar shi," ya hau mota.