Dole Ka Zo Kubrus

Duk ɗan Nijeriyar da ya zauna unguwar Malaz a Riyadh cikin shekarun 1990 ya san Bashari mai hoton ƙashi. Mutumin Gusau ne, dogo, mai sanyin magana. Asibitin kuɗi ɗaya muke aiki, shi a ɗakin hoto, ni a jinya. Kirkinsa har haushi yake ba ni, don ko taka shi ka yi, shi zai riga ka ba da haƙuri.

Shugaban sashensu wani ɗan Ingila ne, Dakta Wilkins, wanda ya kusa ritaya. Ba shi da hira sai ta Kubrus, tsibirin nan na Bahar Rum, inda ya sayi gida a garin Bafos. Turawan Ingila da ke Saudiyya suna mutuwar son wurin. Ga rana mai daɗi ba irin ta Riyadh mai gasa mutum ba, ga teku, ga giyar da aka hana su a nan, kuma kusan kowa yana jin Turanci, don su suka mulki ƙasar. Har tuƙi a hannun hagu suka bar musu. Sun miƙa wa mutane ƙasarsu, sannan suka zagayo da fanshonsu suka sake zama.

Bashari ya sha hirar nan har ta shiga jikinsa. In muka haɗu a kasuwar Dira sai ya tsare ni da tarihi. Wai mu da su shekara ɗaya muka sami mulkin kai, wai an raba tsibirin tsakanin Girkawa da Turkawa, wai akwai masallaci a bakin tafkin gishiri inda aka binne wata sahabiya. Har cukunsu da ake gasawa ba ya narkewa ya sani, alhali ko ƙanshinsa bai taɓa ji ba.

Wata rana likitan ya ce yana tunanin buɗe ɗan asibiti a can saboda tsofaffin Turawa. Ya dafa kafaɗar Bashari ya ce, "You must come."

A makaranta an koya wa Bashari cewa kalmar nan "must" dole take nufi. A wajenmu kuwa, babba in ya dafa ka ya ce dole ka zo, ya ɗauke ka ke nan. Ba ka komawa ka tambaye shi yaushe, don kamar ka ce ba ka yarda da maganarsa ba ne. Matarsa Iyatu ta roƙe shi ya nemi a rubuta masa. Ni ma na yi ta fama da shi, sai ya ce, "Haba Sista Rekiya, dattijo mai furfura zan ce wa ya sa mini hannu?"

Kwantiraginsa ya ƙare a 1996. Asibitin ne kafilinsa, takardar zamansa da ta iyalinsa duk a hannunsu suke, kuma sun so ya sabunta. Ya ce ya gode. Suka buga masa bizar fita wadda ba dawowa. Ya cire 'ya'yansa Khalil da Zahida daga makaranta, yaran da Larabci ya fi Hausa zama a bakinsu, ya sayar da mota. Shirinsa su je gida su jira kira.

Ranar liyafar ban kwana da likitan ina tsaye kusa da Bashari, kowa da farantin shinkafa da rago. Likita ya bi mutane yana gaisawa. Ya dafa direban motar asibiti, ɗan Sudan, ya ce masa dole ya zo Kubrus. Ya faɗa wa wata 'yar Filifin da ke aiki da ni. Ya faɗa wa daraktan asibitin, da murmushin nan da dafa kafaɗar nan. Kowa ya yi dariya ya ce in sha Allah, ya ci gaba da cin abincinsa. Da wani ya tambayi batun asibitin da zai buɗe a Kubrus, sai likita ya ce ai matarsa ta hana tun tuni, ta ce hutu za su je yi.

Sai ya iso kan Bashari, ya riƙe hannunsa yana yabon aikinsa, ya tambaye shi shekara nawa zai ƙara a Riyadh. Wato ko labarin ajiye aikin bai ji ba. Darakta na nan tsaye, ba a riga an ɗauki wani a gurbin Bashari ba, kalma ɗaya daga bakin likitan za ta iya sa a soke bizar. Na zungure shi da gwiwar hannu.

Bashari ya sunkuyar da kai ya ce, "Sai yadda Allah ya yi, likita."

A waje na tare shi, raina a ɓace kamar in mare shi. Na ce wace irin kara ce wannan, mutum ya raba ka da abincin 'ya'yanka, ka kasa buɗe baki?

Ya ce, "Sista, a gaban jama'a? Ai sai ya ji kunya."

Kafin watan ya fita suka bi ta Jidda suka sauka Kano, ba aiki, ba gida. Likita kuwa ya tafi tsibirinsa, bai taɓa sanin ya yi wa kowa komai ba.