Kaskar da Attaher Ya Cire wa Mota

Attaher mutumin raƙuma ne, kowa a Dakoro ya san haka. A bayan raƙumi ya girma, can arewa wajen rijiyoyi, kuma da fari bai cinye masa garke ba, da har yau yana can. Ragowar da suka tsira ya sayar, ya sauko gari da matarsa Haula, ya sayi wata tsohuwar mota kat-kat mai shan esansi, wato fetur. Abin dariyar, bai iya tuƙi ba, bai kuma taɓa marmarin koya ba. Samba ne shofer ɗinsa, Bafillace, abokinsa tun suna samari suna jan guga a rijiya ɗaya. Ranar kasuwar Kornaka ko ta Sabon Maci, su lafta buhunan hatsi da awaki da mutane, Samba na riƙe da sitiyari, Attaher na gefe yana dafa shayi duk inda aka tsaya.

Motar nan kuwa, kiwonta Attaher yake yi. Kowace yamma sai ya zagaya ta, ya shafa ta, ya zare ƙaya daga tayoyi, ya kwanta ƙarƙashinta yana tsince ciyawa. Bayan damina abin da ya fi tsoro gobarar daji, don ya taɓa ganin yadda take lashe makiyaya kafin a ce kwabo. Wata rana sai ya tarar da busasshiyar ciyawa ta nannaɗe wata waya, har ta fara babbakewa. Ya bi wayar da yatsa, ta kai shi ga wani ɗan ƙarfe maƙale a jikin bututun hayaƙi, kamar kaska a cinyar raƙumi. Me kuma ake jira? Ya zaro wuƙa ya datse wayar daga tushe, ya naɗe saura, ya ɗaure ta sama da tsirkiyar fata, irin ƙullin da yake yi wa dabaibayi. Bai faɗa wa kowa ba, don ba a shelar cire kaska.

Da safe wata fitila rawaya ta kama a tablo, allon da ke gaban shofer. Samba ya ce su kai ta garajin Kamilu.

"Tana ci, tana tahiya, mi za a duba?" in ji Attaher. "Dabba in ba ta da lahiya ai kwanciya take yi."

Ci kam ta ci! Esansin da ke kai su Kornaka ya dawo da su, yanzu sai ya ƙare a hanya, fasinjoji na tsaki cikin rana. Hayaƙi ya yi baƙi. Attaher ya ce mai sayar da esansi ne ke gauraya masa, ya sauya wani, abin bai sauya ba. Haula ta ce baki ne, aka karɓo rubutu aka yayyafa wa tayoyi. Shiru kake ji. Attaher ya leƙa ƙarƙashi ko tanki ke yoyo, ƙasa a bushe ƙamas. Kansa ya ɗaure tamau.

Sai 'yan tasha suka taya shi tunani, Allah ya isa tsakaninsa da su. Suka ce, "Baba, shofer duk ɗaya ne. Tiyo da jarka, shi ke nan." Attaher ya zage su. Amma magana zarar bunu ce, ta shige shi ta zauna. In ya ce Samba ɓarawo ne, zuciyarsa ta ƙi. In ya ce ba shi ba ne, to esansi sama yake tashi? Har ta kai in suna gaisawa sai ya matsa kusa, wai ko zai ji warin esansi a bakin mutumin da suka sha nono a ƙwarya ɗaya. Kunya ta kama shi, amma bai daina ba. Daga ƙarshe ya kira mai walda a tsakiyar tasha, rana tsaka, kowa na kallo, aka liƙa wa murfin tanki kwaɗo, ya rataya makulli a wuyansa. Samba ya gyara rawani ya shiga mota.

Esansi ya ci gaba da ɓacewa. Nan fa Attaher ya rasa gabas ya rasa yamma. Makulli na ƙirjinsa, ko wanka ba ya cire shi. Ko aljanu ne ke sha? Ko Samba ya yi wani makulli? Ko shi ne ya fara ruɗewa da tsufa? Shayi ma ya daina yi masa daɗi, don shi kaɗai yake sha yanzu, Samba sai ya ce ya ƙoshi.

Ranar da motar ta mutu musu kusa da Ɗan Gulbi da lodin wake, dole aka je wurin Kamilu. Mekanisiyen ya soka wata 'yar na'ura ƙarƙashin tablo, ya duba salularsa, ya kwance buji ɗaya, wato fulogin inji, ya nuna musu, baƙi ƙirin da kunkunniya. Sannan ya sauka rami ya leƙa ƙarƙashin motar.

"Baba, sondi ne," ya ce da Attaher.

"Wane ne Sondi?"

Masu zaman garaji suka kwashe da dariya. Kamilu ya ce ba mutum ba ne, ɗan ƙarfe ne a bututun hayaƙi. Aikinsa shinshina hayaƙin, ya gaya wa ƙwaƙwalwar mota ko esansin da take zubawa ya yi yawa. In ya yi shiru, sai ta yi ta ɗura wa inji, ya ƙona wanda zai iya, saura ya bi iska. Attaher ya yi sototo. Mota da hanci? Mota da ƙwaƙwalwa? Shekara da shekaru yana shafa ta, ba wanda ya gaya masa.

Kamilu ya fito daga rami da tsirkiyar fata a hannu, ransa a ɓace. "Ba mutuwa ya yi ba, yanka shi anka yi. Daga tushe, ko haɗawa ba a iya yi. Wane gwani ne ya yi wannan aika-aika?"

Attaher ya ga ƙullin. Nasa ne. Samba ma ya gani, kuma duk faɗin Dakoro ba wanda ya fi shi sanin hannun da ke yin wannan ƙulli. Ya daɗe yana kallonsa.

"Ni ne," in ji Samba. "Ciyawa take kamawa."

Wayyo, ya sha ba'a! Shofer guda, tsofai-tsofai da shi, bai san sondi ba. Attaher ya buɗe baki, ya dubi taron, ya rufe. Kamilu ya zuba wa tsohon ƙarfen mai, ya yi ta kokawa da shi har ya kwance, ya ɗauko wani da ya ciro daga wata mota da ta yi hatsari, ya ɗaura, ya haɗa waya. Aka tayar da inji, fitila rawaya ta mutu, hayaƙi ya washe.

A hanyar gida motar na tafiya lafiya lau. Attaher yana ta juya kalmomi a baki, duk wadda ya ɗauko sai ya ji ta yi kaɗan. Da suka iso ƙofar gida Samba ya kashe inji, bai sauka ba.

"Samba," in ji Attaher, "wallahi ban sani ba. Wuta nike tsoro."

"Na sani. Wayar ba komi ba ce, ko ni ina iya yin wannan kuskure."

"To don mi ka ce kai ne?"

Samba ya dube shi ido cikin ido, karon farko tun kwanaki. "Don kar a yi maka dariya cikin mutane. Ni haka na san abota. Kai da ka yi zargina, tsakiyar tasha ka kai ni." Ya buɗe ƙofa ya sauka, ya karkaɗe rigarsa. "Motarka ta warke. Ka nemi mai tuƙa ta."

Attaher ya zauna cikin motar har Haula ta leƙo tana tambaya ko lafiya. Ya ce lafiya lau, an gyara.