Malam Isiyaku da Shanun da Ba Su da Tozo

Ina tsaye gaban allo da hantsin ranar Talata, sai shugaban makarantarmu ta Maruta ya leƙo ya yafito ni. Muna fita baranda ya ce, "Malam Nuhu, an bugo waya daga Birnin Kudu. Allah Ya yi wa Malam Isiyaku na gidan tarihi rasuwa." Muka yi ta maimaita Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da na koma aji na gaya wa yaran, babu wanda ya tambaye ni wane Malam Isiyaku. Duk sun san shi.

Ga waɗanda ba su san shi ba, ma'aikacin gidan adana kayan tarihi ne, kuma aikinsa shi ne kula da duwatsun nan na Birnin Kudu masu ɗauke da zanen shanu na mutanen dā. Da yawa daga cikinmu a wannan ƙasa aka haife mu, muka girma, ba mu taɓa ganin zanen ba, balle 'ya'yan ƙauyukan Gwaram irin su Maruta. Lokacin da wurin aikinsa suka ba shi kwamfuta da majigi da batir mai cajin rana, sai ya bi zanen ɗaya bayan ɗaya ya ɗauki hotunansu, ya ɗaure kayan a bayan babur, ya shiga makarantu. Yakan ce, "Dutse ba zai zo Maruta ba, ni kuwa ina da babur."

Ranar da ya fara zuwa ajina, muka toshe tagogi da tabarmi, muka rataya farin zani a kan allo. Jar saniya mai dogayen ƙahoni ta fito a jikin zanin. Ya raba takardu ya ce kowa ya zana abin da ya gani.

Yawancin yaranmu 'ya'yan masu shanu ne. Da ya zagaya yana dubawa, sai ya tarar kowane yaro ya ɗora wa saniyarsa tozo, alhali ta jikin dutsen bayanta a miƙe yake. Ya tsaya kan wata yarinya mai suna Hanne.

"'Yata, ina kika samo wannan tozon?"

"Malam, ai mai zanen ne ya manta. Ina aka taɓa ganin saniya ba tozo?"

Aji ya kwashe da dariya, shi ma ya dara. Bai ce mata ta yi kuskure ba. Ya jawo hoton kusa har ƙahon ya cika zanin, sannan ya nuna wata saniyar, ya kuma nuna wata.

"Bai manta ƙaho ba, bai manta wutsiya ba. Tozo kaɗai ya yi ta mantawa a kan kowace saniya?"

Hanne ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To ko shanunsu ne ba irin namu ba?"

"Yau kin fara zane," in ji shi. A nan ya faɗi maganar da malamai da yawa suka riƙe daga bakinsa: "Ku fara zana abin da ido ya gani, kafin abin da kai ya sani."

Labari ya isa gidaje, amma ya isa a karkace. Aka ce ana rufe yara a ɗaki mai duhu ana nuna musu hotunan duwatsun iskoki. Kwamitin iyaye, ƙarƙashin Alhaji Buba, dattijon makiyayi kuma kakan Hanne, ya ce a soke darasin zane baki ɗaya. Da an soke shi a Maruta, da makarantun kewaye ma sun bi.

Malam Isiyaku bai yi musu da kowa ba, bai kuma kai ƙara wurin hukuma ba. Ya roƙi alfarma ɗaya: iyayen su zo su ga abin da 'ya'yansu suka gani. Bayan la'asar dattawa suka zauna a kan bencin yara, gwiwoyinsu na dukan tebura. Ya gaida liman, ya gaida kowa da sunansa, sannan ya kunna majigi. Alhaji Buba ya miƙe ya matsa har inuwarsa ta rufe hoton.

Wani daga baya ya ce, "Baba, ka tare mana saniyar."

"Bari in ga ƙafafunta tukuna." Ya duba, ya juyo. "Malam, wa ya zana wannan?"

"Ba mu san sunansa ba, Baba."

"Ko wane ne, ya yi kiwo."

Liman ya kawo sharuɗɗansa: kada a sa yara zanen surar mutum, a kuma bar taga ɗaya a buɗe domin mai wucewa ya leƙa. Malam Isiyaku ya karɓa nan take, ko da yake hasken tagar yana dusashe masa hoto. Ya ƙara da nasa. Ya nemi izini aka fito masa da ƙoren matan garin masu zane, da huluna, da faifai, ya ɗauki hotunansu. Daga nan yaro yakan ga ƙwaryar innarsa ta cika allo, a gefen zanen dutse, ana nazarin layukanta da irin ladabin da aka ba na mutanen dā. Hotunan aikin yaran Maruta ya kai Surko da Yalwan Damai, na can kuma ya kawo mana. Na ga yara suna tafiya da kafaɗa a miƙe saboda an yaba zanensu a garin da ba su taɓa zuwa ba, kuma ina alfahari da cewa a ajina aka fara.

Da ciwo ya fara cin ƙarfinsa a daminar bara, bai ɓoye mana ba. Ya zaunar da mu malamai, ya sa kowa ya haɗa wayoyin majigi da hannunsa, ya kunna, ya kashe, har muka iya. Yana cewa, "In ni kaɗai na iya, ban koyar da kowa ba."

Ranar da muka je ta'aziyya Birnin Kudu, na tarar da Alhaji Buba da mutanen kwamitinsa zaune a ƙofar gidan, sun riga mu zuwa. Da aka shafa addu'a ya kira ni gefe ya ce, "Malam, darasin nan na Alhamis kada a fasa shi. In babu mai ɗauko kayan, ɗana zai riƙa ɗaukowa." Ba a fasa ba.

Ya Allah Ka jiƙan bawanKa Isiyaku, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa ilimin da ya bari a hannun yaranmu ya zame masa sadaka mai gudana. Ka ba mai ɗakinsa haƙurin wannan rashi, Ka raya 'ya'yansa cikin shiriya, Ka haɗa su da masu kula da su kamar yadda ya kula da namu. Mu kuma da muka rage, Ka kyautata namu ƙarshen. Amin.