Ranar da Aka Sa Yaya Abu Tsallaka Yaro

Shekara talatin ke nan da rasuwar yayata, Yaya Abu, kuma har yau in na bi ta ƙofar gidan Malam Sule, maƙwabcinta a Jajaye, sai na kau da kai.

Ƙuli-ƙuli take yi da man gyaɗa, duk unguwa wurinta ake saye. Sai ciwo ya zo. Ta share tuwo ta tashi da yunwa, kullum ramewa take. Hannu na rawa, gumi ko da sanyi, idanu suka firfito, wuya ya tasa. Nan masanan gindin bishiya suka yanke hukunci: mai ci ba ta ƙoshi, ga ido waje, ai mayya ce. Ciniki ya tsaya. In ta doso, mata su janye 'ya'yansu.

Da zazzaɓi ya kama ɗan Malam Sule, sai ga uban da gayya har tsakar gidanta. "Abu, fito ki tsallaka shi, ki sakar mana kurwar yaro!" Ta ce, "Haba Malam, yaron da na goya?" Mijinta, ragon banza, yana tsaye yana kallon ƙasa. Ta tsallaka tana kuka. Bayan kwana biyu zazzaɓi ya sauka, kamar yadda zazzaɓi ya saba, aka ce to ga shaida. Da a ce yaron ya mutu ma, da shaidar ce. Tir!

Ina koyarwa a Karaye labari ya iske ni. Na kai ta asibiti Kano, likita ya duba ya ce maƙoƙo ne, irin mai sa jiki ya ƙone abinci da sauri, kuma ƙwayoyi na kwantar da shi. Amma zuciyarta ta riga ta gaji. Ba ta ga kakar shekarar ba.

Yau in ciwon nan ya kama matar wani a garin, sai a ɗauki shatar mota, a dawo ana faɗin sunansa da Turanci ana hura hanci. Da Yaya za ta gani, na san za ta ce Allah ya ba da lafiya. Ni ba ni da wannan halin. Duk cikin jaruman da suka taru a kan mace marar lafiya, ba wanda ya taɓa zuwa ya ce sun yi kuskure.

Me ya rage nata? Iya suya, wadda 'yarta ta gada, da sunan da suka liƙa mata. Bara aka zo neman auren jikarta. Dangin saurayin suka shiga gari bincike, wani tsoho ya ce musu, "Yarinya kam ba laifi, amma ku tambayi nonon da uwarta ta sha." Ba su dawo ba. Har yau yarinyar tana tambayata laifin da ta yi, ni kuma na kasa faɗa mata.