Kwanon da muka baro a gindin ɓaure

Matata ta yi shekara uku a hawa na goma sha ɗaya, a wani dogon bene na Vénissieux, gefen birnin Liyon a Faransa, kafin ranar da ta ce mini za ta koma Maraɗi. Ba faɗa muka yi ba. Da ma faɗan ne, da na san yadda zan yi da shi, don ni mutum ne mai saurin hawa da saurin sauka. Ina cikin cin tuwo ta ce, "Malam, ni fa na gaji. Na fi wata ban taka ƙasa ba, sai siminti. Gida nake so." Na ce to ta sauka mana, ga asansar nan, na'urar hawa da sauka bene, wa ya ɗaure ta? Ta dube ni kawai, ta kwashe kwanuka.

Na san abin da ke cin ta, ina dai yin kamar ban sani ba. Watanta na farko a gidan ta yi dambu, ta zuba a wani kwano mai murfi da zanen furanni, cikin kayan ɗakin da uwarta ta haɗo mata, ta kai wa matar da ƙofarta ke kallon tamu. Matar ta buɗe ƙofa iyakar tsawon sarƙar da ke tare ƙofar, ta ce ta gode, ba ta bukata, ta rufe. Tun ranar kwanon ya hau kan firigo bai sake saukowa ba. Ni kuwa ina fita wurin aiki da safe, in dawo da magariba, in tarar da ita a bakin taga tana kallon motoci.

Wani Bafaranshe abokin aikina ne ya ba ni labarin wani wurin hutu a kudu, yankin Ardèche, inda iyali ɗaya ke bai wa mutane fili su kafa tanti. Da fari dariya na yi. Mutum da gidansa da gadonsa, ya je ya kwana a tanti kamar wanda ambaliya ta kora? Amma daga baya na ce, ƙasa take so ta taka, to ga ƙasa. In ta ga kyan ƙasar nan, duwatsunta da kogunanta, za ta zauna. Na kama mana mako guda a watan Agusta, na zauna na tsara komai a takarda kamar aikin ofis: Litinin kogon dutse, Talata kwalekwale, Laraba hawan dutse, Alhamis kasuwar ƙauye.

Wurin ba wani abin a zo a gani ba ne. Fili ne a bakin kogi, da itatuwa, da banɗakuna a jere, da wani tsohon gidan dutse a tsakiya. Tsohuwa ce mai gidan. Ɗanta ke karɓar baƙi da gyaran famfo, surukarta na sayar da burodi da safe, ita kuma tana zaune a gindin wani ƙaton ɓaure tana ɓare wake a cinya. Da azahar duk su hallara a tebur guda a inuwar, suna ci suna gardama.

Ina ta fama da sandunan tanti ina tsaki, sai na waiga na ga matata ta cire takalmi. Ta tsinto ƙirare ta ɗaure da zare, ta share gaban tantin tas, har da yayyafa ruwa. Ban san ta saka kwanon nan a kaya ba sai da yamma, da na ga ta yi shinkafa da wake a kan ɗan gas ɗinmu, ta zuba mai da yaji, ta rufe, ta nufi gindin ɓaure. Na yi wuf na miƙe. Na ce, "Ke, kada ki je ki jawo mana abin kunya." Ba ta ko waiwayo ba.

Washegari da safe muka tarar da kwanon a bakin tanti, an wanke shi, cike da tumatir da ƙwai huɗu. Matata ta ɗauka ta riƙe shi a ƙirji, ta daɗe a tsaye. Ta ce, "Malam, ka ga? Ba ta maido shi haka nan ba. Wa ya gaya mata?" Na ce ta yi sauri, ƙarfe goma ne lokacin shigarmu kogon.

Wallahi in na tuna yadda na yi ta janta a kwanakin nan, haushin kaina nake ji. Na kai ta cikin kogon dutse, sanyi kamar firigo, mai jagora yana ta zuba Faransanci, ni ina fassara mata da ɗoki, ita tana cewa, "Ikon Allah," tana duba agogo. Na saka ta a kwalekwale, ta ƙanƙame gefe tana salati, muka bi ta ƙarƙashin wata ƙatuwar gadar dutse da ruwa ya fafe da kansa. Na ce, "Akwai irin wannan a Maraɗi?" Ta ce babu. Sai ta tambaye ni ko za mu koma kafin la'asar, don ta yi wa Iya alkawarin nuna mata yadda ake kaɗa miyar kuka. Iya take ce wa tsohuwar. Faransancin matata bai wuce na sayen burodi ba, tsohuwar kuma ba ta jin ko sannu, amma sai su yi awa biyu tare suna ɓare wake, suna nune-nune da hannu suna dariya.

Ran Laraba ta ƙi bi na. Raina ya ɓaci, na ce na kawo ta ta ga duniya ta zo ta liƙe wa tsohuwa. Na hau dutsen ni kaɗai, na ɗauki hotunan da har yau ban buɗe ba. Da na dawo na hango ta a teburin iyalin, tana tsakiyarsu, surukar tana gwada ɗaurin ɗankwalinta. Tana dariya har da dukan cinya. Rabon da in ji wannan dariyar tun muna gida. Sai fushin ya sauka, na ce a raina, shi ke nan, ta warke, na yi dabara.

Kwanon ya yi ta kai da kawowa har ranar tafiya. Ranar yana wurin tsohuwa, da dambu a ciki. Na tuna mata, ta ce, "Bar shi." Daɗi ya kama ni. Na ce macen da ta bar kwanon uwarta a wuri ai tana da niyyar komowa. Ina tuƙi ina lissafa mata inda za mu je baɗi.

Mun shigo Liyon ana yayyafi. A cikin asansar ta jingina da bango, ta ce, "Malam, ka yi mini alheri, Allah ya saka. Da can ina zaton ni ce na lalace, na manta yadda ake zama da mutane. Yanzu na ga lafiyata lau. Mako ɗaya a shekara ba zai riƙe ni ba." Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi alkawarin neman gida a ƙasa mai ɗan fili, alhali ni da ita mun san ba zan samu ba. Ta ce in zo mu tafi tare. In je in yi me? Aikina a nan yake, a can ba ni da komai sai takardun makaranta. Na tambaye ta to me ya sa ta bar kwanon. Ta ce duk faɗin ƙasar nan mutum ɗaya ce ta taɓa ci a cikinsa.

A watan Oktoba na raka ta Faris a jirgin ƙasa. Muka sauka wurin gwaggonta a unguwar Belleville, washegari na kai ta filin jirgi. Auren yana nan, ba a ce komai a kansa ba. Muna waya, gaisuwar ce dai kullum take ƙara gajarta.

Da Agusta ya zagayo na koma wurin ni kaɗai, ban ma san abin da na je nema ba. Ban je kogo ba, ban shiga kwalekwale ba. Tsohuwar ta gane ni, ta leƙa bayana, ta tambayi madam. Na ce tana lafiya, aiki ne ya riƙe ta. Ta shiga gida ta fito da kwanon, ta sa ɗanta ya tsinko ɓaure ya cika shi, ta ɗora murfi, ta ce in kai mata, in ce ta yi haƙuri ya daɗe.

Na kawo shi Vénissieux, na kira matata na gaya mata. Ta ce, "Allah sarki, Iya. Ka ci, Malam, kada ya lalace." A bayanta ina jin ƙarar turmi da muryoyin mata. Wata ta kira ta, ta ce mini ana nemanta, sai an jima.

Ɓauren ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Na ɗauki kwanon na fita, na tsaya a gaban ƙofar da ke kallon tamu, ina jin motsin talabijin a ciki. Na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa, fitilar barandar ta mutu da kanta kamar yadda ta saba. Na koma ɗaki, na mayar da shi kan firigo.