Gadon kilishin Habsu ba zai sauka ba

Shekara goma sha biyu ke nan, a wannan wata na Zulhajji, da muka kai yayata Habsu makwancinta a Tamaske. Allah Ya jiƙanta, Ya yalwata kabarinta. Na daɗe ina jin nauyin rubuta wani abu a kanta, domin ba ta son a ambace ta a bainar jama'a. Abin da ya faru a gidanmu bayan layyar bana shi ya sauke mini wannan nauyi.

Gidanmu gidan allo ne tun kakanni. A ƙasarmu ta Adar kuwa kowa ya san iyakarsa. Fiɗa da sayar da nama gadon mahauta ne, ɗan malam sai dai ya yanka ya wanke hannu. Da mijin Habsu ya rasu ya bar mata marayu huɗu, sai ta dawo gida, ta kafa gadon kara na shanya nama a bayan rumbu, ta roƙi wani mahauci maƙwabcinmu ya koya mata kilishi. Takan zaɓi cinya marar kitse, ta yi ta warware tsokar da wuƙa har ta yi sirantar da ake hango rana ta cikinta. Idan naman ya bushe ta tsoma shi cikin labu, wato kwaɓin tunkuza da citta da kanumfari da masoro da albasa, ta sake shanyawa, sannan ta nuna masa garwashi kaɗan. Samarin da ke tafiya cin rani da shi suke guzuri, ya kai su har Abijan bai canza ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ni ne na fara tsaya mata. Lokacin an naɗa ni na'ibin liman, kunnena ya cika da maganar mutane, na je na ce ta bari. Ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Malam ƙarami," in ji ta, "cikin littattahwan da ka karanta, wane babi na ya hana? In ka samo shi taho ka karanta mini, ni da hannuna za ni karya gadon ga."

Na koma na bincika, ban samu ba. Abin da na tarar shi ne Fiyayyen Halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi izinin adana naman layya, kuma ya siffanta kansa da ɗan macen da take cin busasshen nama. Duk da haka ban koma na ce mata ta yi gaskiya ba. Na yi shiru har ta bar duniya, kuma shirun nan na girman kai ne.

Yanzu ɗiyarta Rakiya ce ke riƙe da wuƙar. Bana ɗan ƙanena, Alhaji Sule, ya zo salla daga Yamai da firigo, wato firjin adana nama, a bayan mota. Kashegarin layya ya durƙusa gabana ya ce, "Baba, a sauke gadon nan. Manyan baƙi na zuwa gaishe ka, ƙamshin labu na tarbarsu tun daga zaure. Ni zan ɗauki cin Rakiya da shanta." Rakiya tana tsaye bakin ƙofa, hannunta duk labu, tana jiran hukuncina.

Me Habsu za ta ce da wannan zamani? Ina jin za ta yaba firigon, domin ba ta raina kyauta. Sannan ta tambaya wa zai roƙi kuran, wato lantarki, kada ya ɗauke, tun da rana ba ta taɓa saɓa mata alkawari ba. Za ta kuma tuna wa Sule cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Abin da zai fi ba ta mamaki shi ne mutanen da ke sayen kilishi cikin leda a tasha, su ci su lashe yatsa, sannan su ƙi haɗa zuriya da wanda ya yanka shi. Wannan ba fiƙihu ba ne. Saura ne na jahiliyya da muka naɗa wa rawani.

Na ce wa Sule Allah Ya yi masa albarka, amma gado ba zai sauka ba. Na sa aka ciro shi aka kafa a filin da ke gaban zaure, inda nake karantarwa bayan la'asar. Duk baƙon da ƙamshin ya dama, hanyar da ta kawo shi tana nan.

Habsu ba ta bar gona ko garke ba. Ta bar marayu huɗu da suka girma ba su taɓa miƙa hannu ga kowa ba, da sana'ar halal a hannun ɗiyarta. Ta kuma bar ƙane mai furfura da bai ba ta amsa tana raye ba. Ga ta yau a gaban jama'a: Yaya, babu babin. Allah Ya gafarta mini jinkirin, Ya haɗa mu a inda ba a tambayar kowa gidan da ya fito.