Furar da Na Ƙi Sha

Ina aji shida na firamare a Argungu, lokacin duk muna cikin Jihar Sakkwato, malamin wasanni ya ce za a yi tseren tacewa. Wanda ya zo na ɗaya za a kai shi Birnin Kebbi, in ya yi sa'a har Sakkwato. Ni da ban taɓa wuce tashar motar garinmu ba, sai abin ya hau mini kai, ko karatu na kasa. Wani ɗan ajinmu ya rantse mini cewa tuwo ke sa ƙafa nauyi, masu gudun gaske garin gulukos kawai suke lasa. Daga ranar na soma tsakurar abinci ina ture kwano.

Kaka Ige, mahaifiyar babana, ita ke riƙona. Sana'arta bandar kifi, kuma a bakin wutar bandar take yi mana tatsuniya bayan magariba, tana juya tarwaɗa tana kore hayaƙi da mafici. Ana jibi tseren ta dubi tuwon shinkafar da na bari a kwano.

"Ku matso, ga wata ta taho," in ji ta.

"Ta iso, muna saurare," 'yan'uwana suka amsa. Ni ina tsaye ina ɗaga ƙafa ina saukewa, wai motsa jiki.

Wai masunta biyu ne suka yi gardamar wanda zai riga isa wani tsibiri, tafiyar yini guda, kuma gaba da ruwa za su tuƙa. Na farko ya ɗauki goran fura da ɗan busasshen kifi. Na biyu ya ce duk wannan nauyi ne, ya watsa guzurinsa a gulbi. Da hantsi ya yi wa ɗan'uwansa fintinkau, har yana waiwayowa yana masa dariya. Da rana ta take sai yunwa ta ci ƙarfinsa, sandar tuƙi ta suɓuce masa, ruwa ya yi ta mayar da shi baya har ya wuce garinsu yana kallo.

"Shi ɗayan kau," in ji Kaka, "in yaj ji hannu ya yi sanyi, sai shi kurɓi hura kaɗan, shi ɓalli kihi, shi ci gaba. Bai cika ciki ba, bai bar shi wayam ba. Wagga ta tsaya nan, mai kunne ya jiya."

"Kaka, ai ni ba jirgi zan tuƙa ba."

"To mi za shi ɗauki ƙahwahun nan naka, angona? Iska?"

Yara suka tuntsire da dariya, na yi fushi na bar wurin.

Ranar tseren ko kunu ban sha ba na fice. Muna jiran a kira mu, sai ga Kaka a bakin fili da ƙwarya rufe da faifai, zanenta duk ƙaurin hayaƙin kifi, tana ƙwala mini kira. Abokaina suka soma zunguri na, wai ga amaryata ta kawo mini gara. Kunya ta kama ni. Na kau da kai kamar ban santa ba, na lashe gulukos ɗin da aka zuba mini a tafin hannu, na shiga layi.

Zagaye biyu ne na fili. A na farko ni ne gaba. A na biyu kunnena ya soma ƙara, idona ya yi duhu, na yanke jiki na faɗi. Da na farfaɗo na ji kaina a cinyarta, tana ɗura mini fura da ludayi a hankali. Ba ta ambaci masuntan nan ba, ranar ko bayanta. Wani yaro aka kai Birnin Kebbi.

Yanzu a Birnin Kebbin nake zaune, a Badariya, gashi ya yi furfura. Kwanaki likita ya ce in rage teɓa, in riƙa tafiyar ƙafa da safe. Abin da ya fara zuwa mini a rai shi ne in daina cin abinci gaba ɗaya, ashe wautar nan ba ta tsufa. Sai na tuna, na koma ɗan wake da zogale, kifi, fura ba sukari, daidai abin da zai kai ni ya dawo da ni.

Wannan darasin na kama shi, ko da a makare. Abin da ke hana ni sakat a kan hanya daban ne. Tsohuwa ta bar kifinta a wuta, ta tako cikin rana da ƙwarya a hannu, ni kuwa na juya mata ƙeya a gaban mutane. Ta yi shekaru bayan haka a raye, duk na je hutu sai ta dama mini fura da hannunta, kuma ban taɓa buɗe baki na ce ta yafe mini ba.